Tebur Na Huɗu

Shekara goma sha tara ina ɗaukar faranti
a gidan abincin Hajiya Cima, bayan kasuwar Dole.
Na san mai son ƙanzo, na san mai gudun tonka,
na san wanda in ya ce "kaɗan", a cika masa yake nufi.

Sai Mutari ya dawo daga Yamai da allo a hammata.
Ɗan Hajiya ne, wa zai yi musu?
Ya kafa shi kusa da butar shayi,
ya ce, "Baba Lawali, wannan ba ya mantuwa.
Mutum na zama, lambar talhonsa za ta tona shi:
abin da ya ci jiya, ƙarfe nawa, da me ya kora."
Na ce to.
Na goge hannuna a gaban riga.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, allon ya iya lissafi.
Kafin duwatsun Birni su ɗau zafi
ya ce a ƙara bisap a firji, a rage miyar gyaɗa.
Motar Agadas ta makara, ya ce shinkafa ta dakata.
Ranar albashin 'yan matatar mai
ya sa aka gasa zabi takwas,
ko ƙashi bai kwana ba.

Shi ya lura, ni ban lura ba,
cewa Ma'azu direba, wata biyu ke nan,
sai ya shanye gora uku kafin ya taɓa tuwo.
Na raɗa masa a kunne, ya je likita.
Sukari ne.
Ranar na dubi allon
irin duban da ake wa ƙane in ya riga ka sauka.

Sai Alhamis.

Malam Sanusi na gidan waya, wanda ya yi ritaya,
da Ari tela, tun suna da baƙin gemu
tebur na huɗu ne nasu, bayan la'asar.
Dambu biyu, ɗaya ba yaji.
Gardamar kokawa har a kira magariba.
Ran Litinin muka kai Ari makwanci.
Da ni aka ɗauki makara, kafaɗata ba ta daina tuna min ba.

Malam ya shigo shi kaɗai, ya jingine sandarsa.
Allon ya yi ƙyas:
tebur na huɗu, dambu biyu, ɗaya ba yaji,
shayi kyauta ga aboki.

Na ce a raina, ka gani ko?
Kai ba ka zuwa jana'iza.
Na tare yaron kicin, na mai da faranti ɗaya,
na kai guda, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Malam ya dubi farantin, ya dubi kujerar da ke gabansa,
sannan ya dube ni.
"Lawali, ina na Ari?"

Na koma na ɗauko.
Ya ci nasa bai ce uffan ba,
ɗayan yana huci har ya gaji ya huce.
Da ya wanke hannu ya leƙa titi,
ya yafito wani ɗan kabu-kabu da ke gyangyaɗi kan babur.
"Zo ka ci, ɗana. Ba yaji, ka yi haƙuri,
mai shi ulsa gare shi."

Da dare Mutari yana rufe lissafi, ya ce,
"Baba, na ji labari. In gyara, in mai da shi ɗaya?"
Na ce bar shi biyu.

Ya juyo min da allon in gani.
Ƙarƙashin sunan Malam an rubuta:
ya biya duka, bai bar saura ba,
mai yiwuwa ya dawo.

Sai kuran ya ɗauke.
Na laluba cikin duhu na kife kujeru kan tebura.
Na huɗu ba sai na ƙirga ba,
ƙafarsa ɗaya gajera ce,
Ari ne ya toshe ta da ƙyallen shadda.